Tarihin Gwajin Azitromaisin don Rage Mutuwar Yara a Nijar

Alƙaluma uku ne ake yawan cakuɗawa idan ana maganar rabon azitromaisin ga yara a Nijar: kashi 13.5, kashi 18 da kashi 14 cikin ɗari. Kowanne gaskiya ne, amma ba gwaji ɗaya ko wuri ɗaya ya fito da su ba.

Tun asali don yaƙi da ciwon ido na tarakoma ake raba wannan magani gari-gari. A 2009 wani bincike a yankin Amhara na Habasha ya nuna mutuwar yara ta ragu kusan rabi a ƙauyukan da aka raba shi. Sai dai ba don ƙirga mace-mace aka tsara binciken tun farko ba, don haka masana suka nemi a sake gwadawa.

Daga nan aka yi gwajin MORDOR, wanda masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka jagoranta a Nijar da Malawi da Tanzaniya. Da ƙuri'a aka raba ƙauyuka 1,533: wasu a ba yaransu 'yan wata 1 zuwa 59 maganin sau biyu a shekara, wasu a ba su mai kama da shi wanda babu sinadarin a ciki. Sakamakon 2018 ya nuna raguwar kashi 13.5 a ƙasashen uku haɗe. A Nijar, inda aka yi aikin a Boboye da Loga cikin jihar Doso, raguwar ta kai kashi 18.1, alhali a Malawi 5.7 ce, a Tanzaniya 3.4. Wato Nijar ce ta ɗauki nauyin wancan adadi na haɗe, kuma duk wanda ya ambace shi bai faɗi haka ba ya rage wa mai karatu wani abu. Wani gwaji a Mali da Burkina Faso, da aka haɗa maganin da rigakafin zazzaɓin damina, bai ga amfani ba a 2019.

Kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke shawara a 2020, sai da aka tattara gwaje-gwajen duka, aka auna ingancin kowanne. Fargabar ita ce ƙwayoyin cuta su saba da maganin har ya daina cin su, abin da aka riga aka fara gani a Doso. Saboda haka hukumar ta ba da shawarar kada a yi rabon bai ɗaya, ta yarda da shi ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 kawai, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa.

Wannan iyaka ce gwajin AVENIR ya auna a ƙauyuka 3,000 na jihohin Doso da Tawa daga 2020 zuwa 2023. Inda aka ba duk yara 'yan wata 1 zuwa 59, mutuwa ta ragu da kashi 14. Inda aka ba jarirai kaɗai, bambancin bai kai a dogara da shi ba. An wallafa sakamakon a watan Agusta 2024.