Daga ‘Dread’ Zuwa ‘Terror’: Ma'anar Kalmomin Tsananin Tsoro A Turanci

Mai bibiyar rahotannin tsaro da Turanci yakan ci karo da kalmomi biyar da masu fassara kan dunƙule su ce “tsoro”: dread, panic, horror, phobia da terror. Sai dai kowacce da muhallinta, wata ma ta wuce ƙamus ta shiga kundin doka.

Dread

Fargabar abin da bai kai ga faruwa ba ce, wato zullumi. Shi ne abin da ke hana matafiyi barci a jajiberin ranar da zai bi hanyar da ake tare mutane.

Panic

Firgici ne da ke zuwa farat ɗaya ya gusar da tunani, kuma yana saurin yaɗuwa cikin taro. Asalin kalmar sunan Pan ne, abin bautar makiyaya a tsohuwar Girka, wanda suka yi imani yana razana mutane da garkuna a daji. Kiɗima ko ɗimuwa ce ta fi kusa da ita. Rububin sayen man fetur saboda jita-jitar ƙarin farashi shi ake kira panic buying.

Horror

Ta fito daga kalmar Latin horrere, wato miƙewar gashin jiki, abin da Bahaushe ke cewa tashin tsigar jiki. Tsoro ne gauraye da ƙyama, wanda ke kama mutum bayan idonsa ya ga mugun abu.

Phobia

Daga kalmar Girkanci phobos take. A wurin likitoci, tsoro ne da ya wuce kima, kamar na hawa sama ko shiga ƙuntataccen wuri. A fagen siyasa kuwa ma'anarta ta karkata zuwa ƙiyayya. Xenophobia ƙyamar baƙi ce, irin wadda ta haddasa hare-hare kan 'yan ci-rani a Afirka ta Kudu a 2008 da 2019. Haka Islamophobia, wadda a 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 15 ga Maris don yaƙi da ita. Wanda ya fassara ta da “tsoron Musulunci” ya sassauta wa mai ƙiyayya, domin ya mayar da shi tamkar majinyaci.

Terror

Ita ce mafi nauyi. Tushenta terrere na Latin, wato firgitarwa. Ta shiga siyasa ne a Faransa tsakanin 1793 da 1794, lokacin da gwamnatin juyin juya hali, wadda Robespierre ke kan gaba a cikinta, ta fille kawunan dubban mutane don tsorata abokan hamayya. Daga nan aka samu terrorism, kuma da farko aikin hukuma take nufi, ba na 'yan tawaye ba.

A nan Hausa da Turanci suka raba hanya. “Ta'addanci” ta samo asali daga kalmar Larabci ta'addi, wato ƙetare iyaka, don haka munin aikin take kallo. Terrorism kuwa manufa take kallo: dasa tsoro a zukatan jama'a domin tilasta musu ko tilasta wa gwamnati.

Wannan bambanci na cikin abin da ya ja muhawara a Najeriya kan ko 'yan bindigar Arewa maso Yamma 'yan fashin daji ne ko 'yan ta'adda. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta wallafa hukuncin a hukumance. Tun daga nan, dokar yaƙi da ta'addanci na iya hawa kan duk wanda ya tallafa musu.

Don haka idan hukuma ta laƙaba wa wata ƙungiya wannan suna, akwai tambayoyi biyu da ya kamata mai karatu ya yi: wace doka ta dogara da ita, kuma wace kotu ce ta tabbatar?