Bambancin enzayim ɗin hanta tsakanin ɗan'adam da dabbobi

Enzayim ɗin hanta furotin ne da ke sarrafa magani domin jiki ya fitar da shi ta fitsari ko ruwan matsarmama. Yawansu da ƙarfin aikinsu sun bambanta tsakanin ɗan'adam da dabbobi.

Rukuni mafi muhimmanci shi ne saitokurom P450, wanda aka gano a 1958. Tsuneo Omura da Ryo Sato na Japan ne suka raɗa masa suna a 1962. Ɗan'adam na da ƙwayoyin gado 57 na wannan rukuni, ɓera kuwa 102.

A wasu enzayim ma akwai bambanci: kyanwa ba ta da enzayim UGT1A6 mai aiki, shi ya sa farasitamol ke iya kashe ta. Kare kuma ba shi da enzayim NAT. Saboda wannan bambanci, ba a ɗora sakamakon gwajin dabba a kan mutum kai tsaye.