Yadda Ƙaramin Katamaran Ya Koyi Tashi Bayan Kifewa

A 2026 ake cika shekara 150 da gasar da Nathanael Herreshoff ya shiga a New York da wani baƙon jirgin ruwa, Amaryllis: siraran kwale-kwale biyu da aka haɗa da katako, iska ke tura su, wato katamaran. Ya zo na ɗaya, abokan takara suka yi ƙorafi, aka soke nasarar.

Ba shi ya fara ba. Mutanen tsibiran Fasifik sun daɗe suna ratsa teku da tagwayen kwale-kwale. A Turai, William Petty ya ƙera nasa a Dublin a 1662, amma wani da ya ƙera daga baya, Experiment, guguwa ta halaka jirgin da mutanen da ke cikinsa a Tekun Biscay a 1665.

Faɗin katamaran ke hana shi kifewa, faɗin nan kuma ke hana shi tashi. Jirgi mai ciki ɗaya da nauyin dalma a ƙasa kan miƙe da kansa. Katamaran kuwa, da sandar ƙyallen iskarsa ta nutse, sai ya kife kamar akushi, ya yi zamansa.

To me ya sa ya cika bakin teku daga baya? Wasu sun ce gudu, amma ai Amaryllis ma yana da gudu. Wasu sun ce ƙera shi da faibagilas ne, alhali 'yan'uwan nan Roland da Francis Prout na Ingila sun yi suna da katamaran ɗinsu Shearwater na katako tun shekarun 1950. A ganina, sirrin shi ne an rage masa nauyi har nauyin mutum ya isa tayar da shi. Hobie Alter na Kalifoniya ya fito da ƙaramin katamaran Hobie 14 a 1968, sannan Hobie 16 mai kimanin kilo 145, da sandar alminiyam wadda ake toshe ƙofofinta don kada ta sha ruwa.

Da haka tayarwa ta zama darasi. In jirgi ya kwanta ta gefe, a kwance igiyoyin ƙyallen, a hau kwale-kwalen ƙasa, a juya goshi wajen iska. A jefa igiya ta saman ɗayan, a riƙe, a jingina baya sosai, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Da sanda ta bar ruwa, iska kan shiga ƙarƙashin ƙyallen ta taimaka. Yana faɗowa sai a cafke ƙarfen tsakiya da ya haɗa kwale-kwalen biyu, in ba haka ba ya wuce ya kife ta ɗaya gefen. Mutum mara nauyi kan rataya jakar ruwa a kafaɗa don ƙara nauyi.

Abin takaici, manyan gasanni sun koma wa girma. A Mayun 2013 katafaren katamaran na ƙungiyar Artemis ya kife a San Francisco, ɗaya daga cikin matuƙansa, Andrew Simpson, ya rasu. Shi ya sa nake ganin kada a ba ɗalibi tuƙi sai ya kifar da jirgi da gangan, ya kuma tayar da shi.