Tarihin Lasifika Mai Cin Ƙarfi

A shekarar 1946 ne Paul Klipsch na Amurka ya fara ƙera Klipschorn, ƙatuwar lasifika mai siffar ƙaho. Amfilifaya mai bawul, watau mai ƙwayayen gilashin nan, ko ta wat 2 ce takan cika ɗaki da ita. Ana nan sai Edgar Villchur ya fito da AR-1 a 1954, ƙaramin akwati rufaffe mai zurfin sauti. Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu: da ƙarfin wuta ake biyan wannan ƙanƙanta. In amfilifaya ƙarama ce sai ta shaƙe, sauti ya dagule. A 1957 kamfanin Dynaco ya fitar da Mark III mai wat 60, wadda ke iya ɗaukar nauyin. To, mai karatu, kafin ka sayi amfilifaya, fara sanin cin lasifikarka.