Kududdufan Kano, famfon teku da labarin kurkunu

1/ Jama'a, ku matso. Yau zaren namu kan wasu 'yan halittu ne da ido ke gani da ƙyar, amma sun kwantar da dubban manoma a ƙasar nan. Za mu faro daga cikin ganuwa, mu leƙa teku, mu dawo gida.

2/ Kududdufan cikin birni ba haka kawai suka samu ba. Ƙasa aka riƙa haƙa ana gina gidaje da ganuwa, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen shekara 900 baya. Damina ta zo ta cika ramukan. Da Barth ya shigo Kano a 1851, sai da ya rubuta labarin Jakara.

3/ To ruwan da ke kwance irin wannan, cike yake da rai. Akwai ƙananan dabbobi masu yawo a ciki, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Masana na ce musu zufilanktan. Danginsu na nan jibge a teku, su ne abincin ƙananan kifaye.

4/ Wani Bajamushe, Victor Hensen, shi ya raɗa sunan filanktan a 1887, ya kuma dage sai an ƙirga su. Da raga mai ƙananan ido ake jan su. Matsalar raga: tana toshewa, kuma ba ka da tabbacin yawan ruwan da ya ratsa ta.

5/ Nan famfo ya shigo. A zura tiyo daga jirgi zuwa zurfin da ake so, a zuƙo ruwa, a auna lita nawa ne, a tace, a ƙirga. Ka san zurfin, ka san adadin. Illarsa ɗaya: masu saurin iyo kan tsere wa bakin tiyo.

6/ Ina ruwan Bakano da wannan? Kurkunu! A 1870 wani masani ɗan Rasha, Fedchenko, ya gano cewa 'ya'yan kurkunu a cikin wani ɗan ƙwaron ruwa mai ido ɗaya suke fakewa. Sunansa Cyclops, kuma zufilanktan ne.

7/ Ka sha ruwan tafki da shi a ciki, shi ke nan. Bayan kusan shekara, tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta ɓullo a ƙafa. Ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, makonni ana abu ɗaya. Ka tsoma ƙafar a tafki don jin sanyi, ta zuba 'ya'ya, a sake sabon lale.

8/ Birni ya samu ruwan famfo daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ƙauyuka kuwa suka ci gaba da shan tafki. Ku tambayi kakanninku yadda kurkunu ke kwantar da magidanci ana tsakiyar noma.

9/ Ƙidayar 1988 zuwa 1989 ta samu mutum sama da 650,000 da kurkunu a Najeriya. Babu allura, babu ƙwaya. Da me aka yaƙe shi? Ƙyallen tace ruwa, rijiyoyin burtsatse, maganin Abate a tafki, da hana mai ciwo shiga ruwa. Cibiyar Carter da Janar Gowon sun yi ta zaga ƙauyuka.

10/ Kun lura? Abin da masani ke yi a jirgi, shi uwa ke yi a bakin randa: a tace ruwa, a tare ƙwaron. Shi don ya ƙirga, ita don ta tsare 'ya'yanta.

11/ Mai kurkunu na ƙarshe a Najeriya an same shi a 2008 a jihar Enugu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da shi, mu da Nijar.

12/ Amma fa a maƙwabciyarmu Chadi har yanzu ana samunsa, har a jikin karnuka. Cyclops kuma yana nan a tafkunanmu, tsutsar ce kawai babu. In tafiya ta kai ku inda tafki ne abin sha, ku tace ko ku tafasa. Allah Ya ƙara mana lafiya.