Kwalejin Abdullahi Bayero

Kwalejin Abdullahi Bayero wata kwaleji ce ta nazarin harsuna, tarihi da addinin Musulunci da ke Kano, wadda ta kasance reshen Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga shekarar 1962 zuwa 1975. Ita ce ta zama Jami'ar Bayero a shekarar 1977. An fi saninta da binciken da malamanta suka gudanar a kan harshen Hausa da tarihin Kano da Borno.

Tarihi

An kafa ta a shekarar 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a harabar Makarantar Nazarin Larabci da ke cikin birnin Kano. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai aka sauya mata suna zuwa na Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A 1964 ta koma wani mazauni na wucin gadi a tsohon otal ɗin filin jirgin sama na Kano, inda ta fara karatun digiri. A 1968 ta tare a mazauninta na kusa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Dukawuya, wanda a yau ake kira tsohuwar jami'a.

Malamai

A farkon kafuwarta 'yan Arewa masu babban digiri ba su da yawa, saboda haka an ɗauko malamai da dama daga ƙasashen waje, musamman Sudan da Birtaniya. Masanin adabin Larabci ɗan Sudan, Abdullahi al-Tayyib, ya shugabanci kwalejin a tsakiyar shekarun 1960, daga baya kuma Shehu Galadanci ya riƙe ta. John Lavers, Bature masanin tarihin Borno, ya koyar a nan har zuwa rasuwarsa a 1993.

Aikin malami ya haɗa da koyarwa, duba kundayen ɗalibai da kuma bincike. Kamar a sauran jami'o'in Najeriya, ƙarin girma daga lakcara zuwa babban lakcara har zuwa farfesa ya dogara ne a kan abin da mutum ya wallafa. Wannan ya sa mujallun cikin gida irin su Kano Studies da Harsunan Nijeriya suka zama masu muhimmanci ga ƙananan malamai, domin a nan suke fara fitar da ayyukansu.

Bincike

Mafi yawan binciken harshe an yi shi ne a Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya, wadda Paul Newman, Ba'amurke masanin harsunan Cadi, ya shugabanta daga 1972. A 1977 shi da Roxana Ma Newman, tare da ma'aikatan cibiyar, suka fitar da ƙamus na Hausa zuwa Turanci. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasannin gargajiya, ya kuma rubuta Hausa a Rubuce a 1988, littafin da ya bi tarihin rubuce-rubuce cikin harshen. M. K. M. Galadanci ya wallafa littafinsa na nahawun Hausa a 1976, Ɗandatti Abdulƙadir kuma ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiana a kan waƙoƙin Mamman Shata.

Kafin wannan lokaci, manyan ƙamusoshin Hausa, irin na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, suna fassara kalmomi ne zuwa Turanci. Malaman Kano sun ba da ƙarfi ga nazarin Hausa da harshen Hausa, abin da ya buƙaci ƙirƙiro keɓaɓɓun kalmomi na nahawu da adabi. Wannan ƙoƙari ne ya kai ga fitowar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, wanda ke bayanin kowace kalma da Hausa.