Gyambon Kwanciya: Wa Ya Tambayi Mai Jinya?

Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ko mai shanyewar ɓarin jiki ya san gyambon kwanciya: fata ta mutu a kwankwaso ko diddige, saboda nauyin jiki ya danne hanyar jini. A ƙarni na 19, Charcot, likitan nan na Faransa, ya ɗauka lalacewar jijiyoyi ce ke kawo shi, babu makawa. Florence Nightingale kuwa, a 1859, ta ɗora laifin kan rashin kyakkyawar jinya. Aka daɗe ana ta ja, ba wanda ya tuntuɓi na kwance.

A 2013, James Lind Alliance ta Ingila ta zaunar da marasa lafiya, masu jinya da ma'aikatan asibiti, suka zaɓi tambayoyi 12 da suke so masu bincike su fara amsawa. Cikinsu har da wannan: yaya amfanin juya marar lafiya yake wajen hana gyambon?

A Babban Asibitin Yamai, wannan aikin galibi na dangi ne, masu kwana kan tabarma. Su ya kamata mai bincike ya fara tambaya, domin jan tabon da littattafan Turai ke cewa a duba ba ya fita sosai a baƙar fata. Wurin yakan yi duhu ne, da ɗumi ko tauri, kuma hannun mai wanke marar lafiya kullum shi ke fara jin sa.